Sabon Injin Gajeriya

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, kuma ciwon bayan nan da kake ɓoye mini ya yi sauƙi. Direban babbar motarku ne ya tona maka asiri, kada ka ci masa mutunci, don shi ne zai kawo maka wannan takarda. Tunda kuka zaɓi ku je ku gina madatsar ruwa a inda waya ba ta kamawa, sai ka yi haƙuri da rubutuna irin na masu ba da magani. Mu nan lafiya lau. Maigidana yana gaishe ka, yara sun ce a gai da Kawu.

Baba jiki da sauƙi, amma mantuwar ta ƙaru tun zuwanka na ƙarshe. Gwaggo da ke kwana gida ɗaya da shi, ƙanwarsa ciki ɗaya, jiya ya tambaye ta ko ita ce mai kawo wanki. Ta yi dariya a gabansa, ta shiga ɗaki ta share hawaye. Abinci da magani kuwa ba ya karɓa da daɗin rai sai daga hannuna. Ni ɗin ma na daɗe da sanin ba fuskata yake ganewa ba, motarsa yake ganewa. Kullum na tashi daga asibiti na hau tudun gidan da Gajeriya, kafin in kashe ta yana tsaye a bakin ƙofa ya gyara hula, yana cewa, "Auta, kin makara." Duk wadda ta fito daga cikin motar nan ita ce Auta, shi ke nan. Mutumin da ya ƙarar da ƙarfinsa yana koya wa jama'a tuƙi a cikinta, ai ba zai manta da ita da wuri ba.

To, Gajeriyar ce ta gaza, Yaya. Baƙin mai take sha kamar ana biyanta, hayaƙi kuwa har masu babur suna zagina. Shekaranjiya ta mutu mini a tsakiyar hawa, daidai shagon masu katako, ta fara zamewa baya. Na ja birkin hannu da hannu biyu ina salati. Da ƙyar ta sake tashi, na ƙarasa da giya ta ɗaya ina lallashinta. Da safe na kai ta wurin Dogo, bakaniken Baba na tun da can. Ya buɗe, ya saurara, ya ja tsaki ya ce injin ya gama nasa, ko an sake gyarawa ba zai kai damina ba.

Maigidana ya ce a sayar a sayo mini wata. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma sai da na yini ban yi masa magana ba. In na zo da wata mota, wa zai fito daga cikinta a idon Baba? Kai ne mai gyaran manyan injuna, ka gaya mini abin yi. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, ta sha gumi a aljihun direba amma ta karantu. Bayana ya yi sauƙi, shi kuma mai dogon bakin za mu gamu. Ki gai da maigidanki da yara. Ki durƙusa ki gai da Gwaggo, Allah ya saka mata da alheri. Baba kuwa ki riƙe hannunsa ki ce daga ni ne, ko bai gane ba.

Ba za a sayar da Gajeriya ba, ki kwantar da hankalinki. Dogo gaskiya ya faɗa, an sha buɗe injin nan ana goge cikinsa har ba sauran abin gogewa. Amma mota ba inji kaɗai ba ce. Jikinta da ƙarfi, ƙasanta bai ci tsatsa ba, don haka inji za mu canja mata.

Akwai wata ƙaramar motar ofis a nan da bishiya ta faɗo wa lokacin iska. Bayanta ya tashi daga aiki, injin kuwa ko ƙwarzane babu. Da aka yi gwanjonta na ɗauka. Injin ya ɗan fi na Gajeriya girma, ƙarfinsa ya kusa ninka nata. Na ɗora shi a benci na tayar, na kasa kunne na daɗe, ban ji abin da ya dame ni ba. Zan sa a babbar mota idan za ta je ɗaukar siminti, tare da giyarsa da wayoyinsa da 'yar kwamfutar da ke sarrafa shi.

Ki karanta wa Dogo wannan, ki bar shi ya yi tsakinsa. Mazaunin injin ba zai zo daidai ba, sai ya yanka ƙarfe ya yi walda sabo, kuma ya auna sosai kafin ya yanka. Ya sa lagireto babba, ta yanzu ba za ta iya sanyaya shi ba. Birkin gaba dole a canja, ba zan ba ki ƙarfin hawa in bar ki da birkin da ba zai riƙe ki a gangara ba. Tsohuwar salansar nan da ke tara miki jama'a a jefar da ita, na haɗo da sabuwa. Idan an gama ki je a gyara lambar inji a takardun mota, kada a tsare ki a hanya ki ce ban faɗa ba.

Jikinta kuwa kada a taɓa. Ba fenti, ba gyaran lotsawar ƙofar baya, allon makarantar tuƙin da ke samanta ma a bar shi yadda ya koɗe. Abin da idon Baba ya sani a bar masa. Daga waje Gajeriyarsa ce, daga ciki kuma yarinya ce ɗanya.

Ki daina jin tsoro, yayanki yana nan.

Yayanki

*

Yaya mai manyan injuna,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, sai ƙaramin da ya yi mura ya warke. Gwaggo ta amsa gaisuwarka, ta ce in tambaye ka ko a can ma injin ne zai dafa maka abinci, tunda ka ƙi aure.

Kaya sun iso. Dogo ya zagaya injin yana kallo hannu a baya, can ya ce, "Yaron nan ya iya zaɓe." Ka san daga bakin Dogo wannan ai kirari ne. Na karanta masa saƙonka, da na zo wurin aunawa kafin yanka ya ce in tambaye ka wa ya fara riƙa maka sufana.

Ranar da aka cire tsohon ina wurin, da farar rigar aikina a cikin wannan baƙin mai. Suka ɗaure shi da sarƙa suka ja sama, yana lilo yana ɗiga. Ƙarami ne ashe, Yaya. Duk makarantarmu, da ɗinkinmu, da jinyar Mama, daga cikin ɗan wannan abu suka fito. Sai na ji hawaye. Dogo ya yi kamar bai gani ba, ya sa aka ajiye shi a gindin bango ya rufa masa tamfol da hannunsa.

Sabon ya ba su wahala. Da farko ya ƙi zama, kansa yana taɓa murfi. Da suka sauke shi kuma sai tukunyar mansa ta kusa taɓa ƙasa. Dogo ya yi mazauni ya rushe, ya sake yi, yana ta magana da kai kamar kana tsaye a gefensa. Yanzu ya zauna, saura haɗa wayoyi da birki. Wani mai fenti ya leƙo ya ce zai yi mata wanka ta koma sabuwa, na ce ya kuskura ya taɓa ta mu kwana a ofishin 'yan sanda.

Baba dai kwanakin nan sai haƙuri. Da tasi nake zuwa, in sauka a ƙasa in hau da ƙafa. Yana karɓata da mutunci irin na baƙuwa, ya sa Gwaggo ta kawo mini ruwa. In na miƙa cokali sai ya ce, "Na gode, baiwar Allah, 'yata tana hanya." Loma kaɗan yake ci, maganin kuma sai mun yi dabara. Tun la'asar yake zama a kujerarsa ta baranda har duhu ya fara. Na ce masa mota tana gareji, ya ce to, in an gama a ce wa Auta ta zo. Ina daurewa ne don na san kwana kaɗan ya rage.

Taka,
Auta

*

Yaya,

Ina fatan kana lafiya. Mu ma lafiya, ban da abin da zan gaya maka.

Gajeriya ta fito. Aikinku ya yi, ba zan rage muku komai ba. Ina murza makulli ta tashi, shiru kamar ba a kunna ba. Tudun nan da giya ta uku na haye shi, masu katako suka miƙe suna tafa mini, ni kaɗai a mota ina dariya kamar wata sabuwar kamu.

Na isa ƙofar gida, ƙofa a rufe. Na jira, ba wanda ya fito. Na danna hon, sai na jiyo shi daga ciki yana cewa wane marar kunya ne yake musu hon a ƙofar gida. Na shiga na kamo hannunsa na fito da shi har gaban motar. Ya shafa murfin, ya shafa lotsawar ƙofar, ya ɗaga kai ya dubi allon. Ya ce, "Mota mai kyau. Irin tawa ce. Ta wace ce?" Na ce taka ce, Baba, ni ce Auta. Ya yi mini murmushin da ake yi wa mai tallan abin da ba a so, ya koma kujerarsa.

Gwaggo ce ta warware mini. Ta ce, "Ke 'yar nan, da ido kike tsammani yake ganinki? Idon da ko ni ba ya rabewa da labule? Ai tun kina ƙasan tudu yake miƙewa, kafin kowa a gidan ya ji komai. Da kunne yake jiranki." Ni kuwa ta ina zan sani, Yaya? Duk ranar da motar ta zo gidan ina cikinta. Ban taɓa zama a baranda na ga abin da yake yi kafin in iso ba.

Mun tsare fenti, mun tsare allo, abin da yake saurare kuma shi muka ciro da sarƙa muka ajiye a gindin bango. Yau ruwa kawai ya sha da ɗan burodi. Ban san abin da zan yi ba.

Auta

*

Auta 'yar gidan Dogo,

Na sami takardarki ta labarin gareji, na yi dariya har abokan ɗakina suka ce in karanta musu. Ki ce wa Gwaggo ina nan ina dubawa, injin da ya iya girki ne bai shigo kasuwa ba. Ki ce wa Dogo shi ne ya fara riƙa mini sufana, kuma shi ne ya fara dungure mini kai da ita.

Na san zuwa yanzu ta fito. To, yaya gudu? Kin ji yadda mota take in tana da lafiya ko? Ba ƙara, ba tari, ba wanda zai san kin wuce. Ki dai yi a hankali, ƙafarki ta saba da danna totur har ƙasa, wannan kuwa taɓawa kaɗan yake so. Bayan kwana biyu ki koma Dogo ya sake ɗaure kusoshin mazaunin, sabuwar walda tana son a duba ta.

Na tabbata tsohon ya ji daɗi. Ina ganinsa a raina yana zagaya ta yana neman abin kushewa. Na daɗe ban yi aikin da ya faranta mini rai kamar wannan ba.

Yayanki

*

Yaya,

Na rubuta maka cewa Baba bai gane ni ba, kai kana tambayata gudu? Ba ƙara, ba tari, har da alfahari. Ai shi ke nan, ba wanda ya san na wuce, har da ubana.

Kai kana can, inji kawai kake gani. Ni ce nake durƙusawa da kwano a gaban mutumin da ya haife ni yana ce mini baiwar Allah. Da ka bar mana abinmu yadda yake, ko da turi ne da muna isa.

Auta

*

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar mai jin kunya. Ina fatan lafiya ce ta sa ka yi shiru, don babbar motarku ta daɗe ba ta shigo ba, na je wurin lodin siminti har masu gadi sun san ni. Wannan zan bar ta a hannunsu ne, duk ranar da direban ya zo su ba shi.

Na sake ɗauko takardarka na karanta da idon da ba kuka a ciki. Layin farko ka ce labarin gareji ka samu. Ashe ba ka ga ta bayanta ba lokacin da ka rubuta, sun yi saɓani a hanya. Ni kuwa na tsallake layin na faɗa kan "yaya gudu" na hau ka da faɗa. Ka yafe mini. Maganar da na yi cewa kana can, ban faɗe ta don ka tafi ba. Na san abin da ya kai ka can, kuma na san wa yake sayen maganin da nake ba Baba. Ni na ce ka gaya mini abin yi, kuma da kai da ni da Dogo duk wuri ɗaya muka kalla.

Dogo ya shiga damuwa fiye da yadda na zata. Da kansa ya tono tsohuwar salansar daga cikin tarkace ya ɗaura mata, ya ce in gwada. Na hau tudun da ƙara har awaki suna gudu. Gwaggo ta ce Baba ya karkata kai ya saurara, har ta fara murna. Can sai ya ce, "Wannan salansarta ta fashe, a gaya wa mai ita." Ya gyara zama. Mun mayar da sabuwar.

Ya rame, Yaya. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Likita ya ce in aka ci gaba a haka sai an kwantar da shi an sa masa ruwa, kuma ka san yadda yake firgita da baƙon wuri. Har yanzu kullum yana baranda yana jira. Wani lokaci nakan zauna a gefensa mu jira tare, in ya ce ta makara yau in ce masa tana hanya.

Ko faɗa ne ka rubuto mini, zan karɓa.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau. Ruwa ne ya cinye gadar da ke tsakaninmu da titi, babu shiga babu fita sai da aka yi ta wucin gadi. Takardunki uku a haɗe suka zo hannuna. Allah ya taimake ni na karanta su a jere, don da ta tsakiyar na fara da ban san yadda zan kwana ba. Duk da haka ta yi mini zafi, ba zan ce ba ta yi ba. Babu abin yafewa. Wanda yake riƙe da kwanon shi ne yake da ikon yin faɗa.

Na zauna a bayan ɗakin janareta na yi ta tuno kukan injin nan. Ba salansa ba ce, shi ya sa dabarar Dogo ba ta ci ba. Akwai wani ƙas-ƙas da yake yi daga sama, sannan in ya ɗauki nauyin hawa silinda ɗaya takan yi tsallake, sai ya riƙa yi kamar mai ɗingishi. Ni duk rayuwata in na ji irin wannan sunansa matsala, aikina in kashe shi. Ko sau ɗaya ban kawo a raina cewa akwai mai jiransa ba. Kuma ba a iya koya wa lafiyayyen inji wannan ɗingishin, na juya abin ta kowace fuska.

Hanya ɗaya ta rage, a mayar da tsohon. Na sa takarda a cikin wannan zuwa ga Dogo, ya buɗe shi ya gani ko zai ɗauki ko da 'yan watanni ne. Amma ki sani ba da kwanciyar hankali nake rubuta wannan ba, don na tuna ke ce kika ja birkin hannu a tsakiyar hawa. In na ce a mayar, na sa ki a haɗari. In na ce a bari, na bar Baba da yunwa. Ke ce a tudun, abin da kika zaɓa shi ne nawa.

Wani abu kuma, tunda yau ana faɗin gaskiya. Da na karanta yana ce miki baiwar Allah na yi kuka, amma har da ɗan kishi a ciki. Ke ko ba komai yana jiranki. Zuwana na ƙarshe na yi kwanaki a gidan, bai tambayi ko ni wane ne ba, bai kuma ambaci yana da ɗa ba. Na yi tsammani in na gyara masa motarsa na yi masa magana ta hanyar da na iya. Ina kewarsa ƙwarai, Auta.

Ki gai da Gwaggo da mutanen gidanki.

Yayanki

*

Yayana na kaina,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, kowa yana gaishe ka. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba, kuma kada ka karanta wa abokan ɗakinka wannan.

Dogo ya buɗe tsohon injin a gabana. Ya haska tocila ya nuna mini tsaga a jikinsa, siririya, daga sama har ƙasa. Ya ce ko an mayar ba zai kai ni shagon masu katako ba. Ya sake rufa masa tamfol. Don haka zaɓin da ka ba ni ma babu shi, na fito daga garejin ban san inda nake sa ƙafa ba.

Washegari ranar ganin likita ce, kuma na riga na haɗa jakar kwanciya don na san ba za su bar mu mu dawo ba. Baba ya ƙi tashi, ya ce ba zai bi baƙuwa ba, 'yarsa za ta zo ta tarar ba ya nan. Mun yi lallashi har mun gaji. Can Gwaggo ta gyara ɗaurin zani ta ce, "Malam, ɗaliba ce fa ta zo, tun ɗazu take jira a mota." Wallahi sai ya miƙe. Ya nemi hularsa. Na buɗe masa baya, ya harare ni ya zagaya ya shiga gaba, ya ja bel ya ɗaura, ya sa ƙafa a kan birkin nan na gefen malami.

Ka san fita daga ƙofar gidan sai an ɗan yi sama kafin a juya. Ga sabon kulocin har yau ban gama sabawa da shi ba, ga idona cike da hawaye. Na saki ƙafa da sauri, mota ta yi tsalle ta mutu. Na sake kunnawa, ta sake tsalle ta mutu, har kan Gwaggo da ke zaune a baya ya bugi kujera.

Bai ko dube ni ba. Yana kallon gaba ya ce, "Auta. Sau nawa zan gaya miki? Ƙafar hagu ba a fizge ta. Ɗago ta a hankali har ki ji motar ta yi miki magana."

Yaya, na kifa kaina a sitiyari. Ya ce, "Kuka ba ya tayar da mota. Kunna." Na kunna. Ya sa na sauka tudun da giya ta biyu, ya taka mini birki a kwana tun ban kai ba, ya yi mini faɗan madubi. Injin ma bai tsira ba, ya karkata kai ya ce wa ya taɓa masa mota, ta yi ƙarfi da yawa ga mai koyo. A bakin asibiti na ce, "Malam, a ɗan huta a ci wani abu?" Ya ce to. A cikin motar ya cinye abin da na zo da shi tas, ya karɓi magani daga hannuna ya haɗiye, yana ba ni labarin wani ɗalibinsa da ya taɓa shiga shagon mai gyaran agogo da ribas. Likita ya duba shi ya ce mu koma gida, a dawo da shi a sake aunawa.

Kada ka ɗauka ya warke. Muna shiga gida ya sauka, ya yi mini godiya, ya koma baranda jiran Auta. Ban ji zafi kamar da ba, don yanzu na san inda zan same shi. Kullum da yamma Gwaggo takan ce ɗaliba ta zo. Ni kuma a ƙofar gida nake fizge ƙafa da gangan, Allah ya yafe mini, kai ma ka yafe mini kulocinka. Sai ya kira sunana mu tafi. Mu zagaya ta bayan makaranta, mu tsaya a inuwa ya ci abincinsa, mu hau tudu mu dawo. Injinka yana hawa da mu ba ko nishi, kuma ba don shi ba da ban isa in ɗauki Baba a motar nan kullum ba. Wuyan rigar ya fara cikowa.

Jiya da muka tsaya a ƙofar gida bai buɗe ƙofa da wuri ba. Ya ce hannuna ya fara faɗawa, in na dage zan iya. Sannan ya juya ya dubi kujerar baya, ya ce, "Ina yayanki? Kullum sai ya gudu daga darasi ya tafi wurin Dogo wasa da ƙarfe. Ki ce masa ina nemansa, ribas ɗinsa har yanzu bai nuna ba."

Na ce zan gaya masa, ga shi na gaya maka. Ka nemi hutu ka taho, Yaya. Malam yana nemanka, kuma ban san ranar da zai rufe makarantar ba.

Ƙanwarka,
Auta